Sarki Goma, Waƙa Ɗaya: Tarihin Kiɗan Naɗin Sarauta a Ƙasashen Turai

A ranar Asabar 6 ga watan Mayu na shekarar 2023 aka naɗa Charles na Uku Sarkin Ingila a majami'ar Westminster da ke birnin Landan. Shugabannin ƙasashe da dama sun tafi Landan domin wannan biki, ciki har da Shugaban Nijeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari. Da aka iso wurin da ya fi ko'ina nauyi a cikin hidimar, wato sa'ad da ake shafa wa sabon sarki mai, sai aka kewaye shi da labule don kada ido ya gani, makaɗa da mawaƙa kuma suka ɗauki wata waƙa da ake kira Zadok the Priest.

Wannan waƙa ba ta yau ba ce. Wani haifaffen ƙasar Jamus mai suna George Frideric Handel ne ya tsara ta a shekarar 1727, kuma tun daga wannan lokaci ba a sake ɗora wa kowa kambin Ingila ba sai da aka rera ta. Naɗi goma ke nan a jere: sarakuna takwas da sarauniya biyu. Hausawa na cewa sarki goma, zamani goma, amma ga zamani goma sun zo sun iske waƙa ɗaya. Ba ma sai wanda ya kalli naɗin sarautar Ingila ne ya san amonta ba. Duk ɗalibi ko ma'aikacin da ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna ko Damagaram ya ji 'yar'uwarta, domin taken da ake sawa kafin a fara wasa a Gasar Zakarun Turai, wanda wani mutumin Ingila mai suna Tony Britten ya shirya a 1992, daga jikin waƙar Handel aka yanko shi.

To, yaya aka yi kiɗan da aka shirya domin hidimar yini ɗaya ya kusa cika shekara 300 yana raye? Amsar tana cikin tarihin shekara 150, daga 1600 zuwa 1750, lokacin da masana suke kira zamanin Barok. A cikin waɗannan shekaru ne sarakunan Turai suka zuba dukiya mai yawa ga makaɗa domin su ɗaukaka sunayensu. Yawancin gidajen sarautar nan sun rushe, kiɗan kuwa yana nan, kuma dalilin wanzuwarsa abin nazari ne.

HAIHUWAR OFERA A GIDAN BIKI

Kalmar Barok, in ji masana, ta samo asali ne daga harshen mutanen Fotugal, inda take nufin lu'ulu'un da bai fito a mulmule ba. Da farko zambo ne ake yi da ita ga duk aikin da aka ga adonsa ya wuce kima, daga bisani ta zama sunan zamanin baki ɗaya. Babban abin da wannan zamani ya haifa shi ne ofera, wato wasan kwaikwayon da ake gudanar da shi da waƙa: sarki ya ba da umurni da waƙa, bafade ya amsa da waƙa, wanda ajali ya riska ma da waƙa yake barin wasiyya.

A birnin Florence na ƙasar Italiya aka soma. A ƙarshen ƙarni na 16 waɗansu malamai da marubuta waƙa sukan taru a gidan wani basarake mai suna Giovanni de' Bardi suna tattauna al'amuran ilimi. Daga cikinsu akwai Vincenzo Galilei, mahaifin shahararren masanin taurarin nan Galileo. Kukansu shi ne, waƙoƙin zamaninsu sun cika muryoyi masu hawa kan juna, har mai sauraro ba ya rarrabe kalmomin. Sun kuma yi imani cewa Girkawan dā rera wasanninsu suke yi daga farko har ƙarshe. Saboda haka suka nemi wata hanya tsakanin magana da waƙa, inda murya ɗaya za ta ɗauki zance, kayan kiɗa kaɗan na rufa mata baya.

Tunanin malamai ba ya hawa dandamali sai da mai kuɗi, mai kuɗin Florence kuwa shi ne gidan Medici, waɗanda suka tashi daga harkar banki suka zama masu mulkin birnin. A watan Oktoba na 1600 suka aurar da 'yarsu Maria ga Sarkin Faransa Henri na Huɗu. Ango bai halarta ba, wakilci aka yi masa, amma an yi shagali na kwanaki. A ranar 6 ga watan aka nuna wani wasa mai suna Euridice a fadar Pitti, wanda Jacopo Peri ya tsara wa kiɗa, shi ne kuma ya fito a matsayin tauraron wasan. Peri ya riga ya yi wani wasan mai suna Dafne kafin wannan, amma yawancin kiɗansa ya ɓace. Euridice kuwa an buga shi a ɗab'i ba da jimawa ba, shi ya sa ya zama ofera mafi tsufa da ta iso hannun mutanen yau a cike.

Labarin na wani makaɗi ne mai suna Orfeo wanda maciji ya sari amaryarsa ta mutu, ya bi ta har lahira yana roƙo da waƙa a mayar masa da ita. A tatsuniyar Girkawa ta asali Orfeo ya sake rasa ta a hanya. Amma da yake ba a kawo baƙin labari a gidan biki, sai aka sauya ƙarshen, ango ya dawo da amaryarsa lafiya. Tun ranar sunanta ke nan ofera ta koyi cewa mai biki shi ke faɗin yadda labari zai ƙare. Rayuwa kuwa ba ta karɓi wannan gyara ba. An naɗa Maria Sarauniyar Faransa a majami'ar Saint-Denis ranar 13 ga Mayu 1610, washegari aka daɓa wa mijinta wuƙa a kan titin birnin Faris ya mutu.

MONTEVERDI TSAKANIN FADA DA JAMA'A

Wanda ya mai da wannan gwaji ya zama cikakkiyar sana'a shi ne Claudio Monteverdi, haifaffen garin Cremona a 1567, wanda ke bara a fadar Vincenzo Gonzaga mai sarautar Mantua. A watan Fabrairu na 1607 ya nuna nasa wasan a kan labarin nan na Orfeo. Wasan yana buɗewa da busar kakaki sau uku, irin wadda ake yi idan basarake zai fito. Da aka buga shi a 1609, an jera kayan kiɗa wajen 40 a farkon littafin, an kuma nuna waɗanda za a kaɗa a wurare dabam-dabam: masu taushin amo ga makiyaya a daji, masu kaurin amo ga ƙofar lahira. Har yau ana nuna wannan wasa a manyan biranen duniya.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matar Monteverdi ta rasu a watan Satumba na 1607, amma ba a bar shi ya gama makoki ba aka kira shi ya shirya sabon wasa, L'Arianna, domin auren ɗan sarki da aka yi a 1608. Wasiƙunsa da suka saura cike suke da kukan yawan aiki, da jinkirin albashi, da rashin lafiyar da iskar fadamun Mantua ta jawo masa. Da Vincenzo ya rasu a 1612, magajinsa ya sallame shi bayan fiye da shekara 20 yana hidima. Shi kuwa wasan L'Arianna, da ba a buga kiɗansa a cike ba, ya ɓace. Waƙar kuka guda ɗaya ce kawai ta tsira daga cikinsa.

A 1613 Monteverdi ya sami aikin shugabancin kiɗa a majami'ar San Marco ta birnin Venice. Venice jamhuriya ce, zaɓen shugabanta ake yi, albashin ma'aikatanta kuma yana zuwa a kan kari. A wannan birni ne aka yi wani canji babba a 1637, sa'ad da aka buɗe gidan wasa na San Cassiano ga duk wanda ya iya sayen tikiti. Kafin wannan rana ofera abar kallon waɗanda sarki ya gayyata ce kaɗai. Daga ranar ta zama kayan kasuwa, waɗansu gidajen wasan kuma suka biyo baya cikin 'yan shekaru.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1643, shekarar da ya rasu yana da shekara 76, aka nuna wasan Monteverdi na ƙarshe, L'incoronazione di Poppea, ma'ana Naɗin Poppea. An ɗauko labarin daga tarihin daular Rum. Sarki Nero ya ƙyalla ido a kan Poppea, ya umurci tsohon malaminsa Seneca ya kashe kansa don ya yi masa nasiha, ya kori uwargidansa Ottavia daga ƙasa, sa'an nan ya ɗora wa Poppea kambi, wasan kuma ya ƙare su biyu suna waƙar soyayya mai daɗin gaske. Ga naɗin sarauta a kan dandamali, amma na zalunci da son zuciya. Da wuya a ce wata fada za ta biya a nuna irin wannan a bikinta. Mutanen jamhuriya masu sayen tikiti su ne suka ba da damar a nuna mulki ba tare da alkyabba ba.

SARKIN RANA DA MAKAƊINSA

A Faransa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Louis na Goma Sha Huɗu ya gaji sarauta a 1643 yana ɗan shekara huɗu, ragamar mulki kuwa tana hannun mahaifiyarsa da wazirinta, Kadinal Mazarin, mutumin Italiya. Mazarin ya shigo da ofera daga ƙasarsu, ya kashe kuɗi masu yawa a kan wani wasa na Luigi Rossi a 1647, a daidai lokacin da haraji ya gallabi talakawa. Abokan hamayyarsa suka riƙe wannan a matsayin shaidar almubazzaranci. A 1648 tawaye ya ɓarke, bai lafa ba sai 1653.

Saurayin sarkin ya ɗauki darasi daga wannan, amma ba na rage kashe kuɗi ba. Abin da ya fahimta shi ne, shagali makami ne idan yana hannun sarki. A 1653 ya fito da kansa a wata rawar fada cikin shigar rana mai fitowa, abin da ya dace da laƙabinsa na Sarkin Rana. A ranar 7 ga Yuni 1654 aka naɗa shi a majami'ar Reims, inda aka saba naɗa sarakunan Faransa. Cikin waɗanda suka yi rawa tare da shi a 1653 akwai wani saurayi haifaffen Florence, Jean-Baptiste Lully, wanda daga nan tauraruwarsa ta soma haske.

A 1672 sarki ya ba Lully takardar izini wadda ta hana kowa nuna ofera a Faransa sai da yardarsa. Daga 1673 ya riƙa fitar da sabon wasa kusan kowace shekara, kowanne kuma yana farawa da gabatarwa ta yabon sarki da nasarorinsa a fagen yaƙi. Lully ya tara dukiya, ya horar da makaɗan goge na fada har suka zama abin koyi a Turai wajen kaɗawa kamar da hannu ɗaya. Ajalinsa ma a bakin aikin sarki ya same shi. A watan Janairu na 1687, yana jagorantar waƙar godiya saboda sarki ya tashi daga jinya, sai ya buge ɗan yatsan ƙafarsa da doguwar sandar da yake buga ƙasa da ita don daidaita kiɗa. Raunin ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, ya mutu ranar 22 ga Maris.

GAGARUMIN TARON PRAGUE

Sarakunan gidan Habsburg na Vienna ba su yarda Faransa ta fi su ba. Leopold na Ɗaya shi kansa mai tsara kiɗa ne. A 1668 aka nuna wasan Il pomo d'oro na Antonio Cesti don girmama amaryarsa 'yar Sarkin Sifen, wasan da tsawonsa ya sa aka raba shi kwana biyu, aka kuma sauya adon dandamali fiye da sau 20.

Amma taron da ya fi shahara shi ne na 1723, sa'ad da ɗansa Charles na Shida ya tafi birnin Prague domin a naɗa shi Sarkin Bohemia. Aka gina filin wasa marar rufi a harabar fadar birnin mai ɗaukar mutum wajen 4,000. A ranar 28 ga Agusta aka nuna wasan Costanza e Fortezza, ma'ana Tsayuwa da Ƙarfin Hali, wanda shi ne kirarin sarkin. Johann Joachim Quantz, gwanin busa sarewa da ya shiga cikin makaɗan ranar, ya rubuta cewa mawaƙa sun kai 100, makaɗa kuma 200. Wanda ya tsara kiɗan, Johann Joseph Fux, ciwon gaɓɓai ya kayar da shi, sai da aka ɗauko shi a kwance daga Vienna, mataimakinsa Antonio Caldara ne ya jagoranci wasan.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Charles ba shi da ɗa namiji, kuma tun 1713 yake fafutukar ganin an amince 'ya mace ta gaje shi. Taron Prague hanya ce ta nuna wa manyan ƙasa da sarakunan maƙwabta cewa gidan yana nan da ƙarfinsa. Duk da haka, da ya rasu a 1740 maƙwabtan suka auka wa 'yarsa Maria Theresa da yaƙin da ya ɗauki shekara takwas. Wasan da mutum 4,000 suka kalla ba safai ake jin sa yau ba. Abin da ya raya sunan Fux shi ne littafin koyar da tsara kiɗa, Gradus ad Parnassum, da aka buga a 1725 da kuɗin sarki, wanda Haydn da Mozart da Beethoven duk suka yi karatu a cikinsa.

INGILA: KAMBIN DA AKA NARKAR

Ingila ta ɗanɗana zama ba sarki. A watan Janairu na 1649 aka fille kan Charles na Ɗaya, aka narkar da kambunan sarauta, aka watse ƙungiyoyin mawaƙan majami'u. Da aka dawo da ɗansa Charles na Biyu a 1660, sai da aka ƙera sabon kambi domin naɗinsa na 1661, aka kuma shiga neman yara masu murya a garuruwa domin a sake kafa mawaƙan fada. Cikin yaran da wannan makaranta ta horar aka sami John Blow, sa'an nan Henry Purcell, wanda ya zama gwanin zamaninsa kafin ya rasu a 1695 yana da shekara 36.

Blow da Purcell suna cikin waɗanda suka tsara waƙoƙin naɗin James na Biyu a ranar 23 ga Afrilu 1685. Wani jami'in fada mai suna Francis Sandford ya zauna ya rubuta bayanin bikin dalla-dalla, da zane-zanen inda kowa ya tsaya da abin da aka rera a kowane mataki, aka buga littafin a 1687. Shekara ɗaya bayan haka aka kori James daga gadon sarauta. Sarkin ya tafi gudun hijira Faransa, littafin jami'in kuwa ya zauna ya zama madogarar masu shirya naɗin da suka biyo baya.

HANDEL DA NAƊIN 1727

An haifi Handel a garin Halle na Jamus a 1685. Ya yi wajen shekara huɗu a Italiya yana ƙwarewa a ofera, a 1710 ya zama shugaban makaɗan mai mulkin Hanover. Da ya ziyarci Landan ya ga yadda wasansa Rinaldo ya karɓu a 1711, sai ya tare a can a 1712, ya bar ubangidansa. Abin mamaki, a 1714 Sarauniya Anne ta rasu ba magaji, aka ɗauko wannan ubangida nasa daga Hanover ya zama Sarkin Ingila George na Ɗaya. Bara da ubangida suka sake haɗuwa, Handel ya ci gaba da hidimar gidan.

A watan Fabrairu na 1727 sarki ya sa hannu a dokar majalisa da ta mai da Handel ɗan ƙasar Ingila. A watan Yuni sarkin ya rasu a kan hanyarsa ta zuwa Hanover. Bisa tsari, aikin kiɗan naɗi na mai riƙe da muƙamin tsara kiɗa a majami'ar fada ne, wato Maurice Greene, wanda bai daɗe da samun muƙamin ba. Amma sabon sarki, George na Biyu, ya zaɓi Handel. Cikin 'yan makonni ya tsara waƙoƙi huɗu. An sa ranar 4 ga Oktoba, sai aka ɗaga zuwa 11 ga wata saboda tsoron ambaliyar kogin Thames a unguwar Westminster.

Kalmomin waƙar Zadok daga littafin Kiristoci aka ɗauko su, daga wurin da ke ba da labarin yadda aka shafa wa Annabi Sulaiman mai aka naɗa shi a gadon mahaifinsa Annabi Dawuda, jama'a kuma suka yi murna. Tun naɗin Sarki Edgar a garin Bath a shekarar 973 ake amfani da waɗannan kalmomi a Ingila. Gwanintar Handel tana cikin yadda ya sarrafa jira. Waƙar tana farawa da goge, a hankali, amo yana hawa yana sauka kamar zai kai wani wuri sai ya kauce, har mai sauraro ya ƙagu. Bayan fiye da minti ɗaya ana haka, sai mawaƙa da kakaki da tambura su faɗo gaba ɗaya kamar tsawa. Handel ya san majami'ar Westminster doguwa ce mai amsa kuwwa, inda kiɗa mai yawan lanƙwasa yake cakuɗewa, don haka ya gina waƙar da manyan amo masu faɗi waɗanda na nesa zai ji sarai. Duka-duka ba ta wuce minti biyar zuwa shida ba.

Ranar bikin kuwa ba ta tafi daidai ba. Akbishop na Canterbury, William Wake, wanda ya jagoranci naɗin, ya yi rubutu a gefen takardar tsarin hidimar da ke hannunsa, inda ya nuna cewa an tsallake wata waƙa saboda sakacin mawaƙa, wata kuma ta rikice. An ma rera waƙar Zadok a wurin da ba nata ba. Da takardar nan ta ɓace, da ba wanda zai san cewa waƙar da ta fi kowace shahara a naɗin Ingila cikin ruɗani ta fara.

Abin da ya biyo baya shi ne ya tabbatar da ita. A 1728 kamfanin ofera da Handel ke yi wa aiki ya durƙushe saboda tsadar mawaƙan Italiya da raguwar 'yan kallo. Sannu a hankali ya koma ga labaran addini cikin harshen Ingilishi, waɗanda ake rerawa ba tare da kayan ado ba. A wasansa Esther na 1732 ya saka kiɗan naɗin sarautar a ciki, aka kuma tallata cewa za a jera makaɗa kamar yadda aka yi ranar naɗi. Ta haka wanda bai sami shiga majami'a ba ya sayi tikiti ya ji abin da sarki ya ji. Wannan hanya ce ta kai shi ga Messiah, da aka fara rerawa a birnin Dublin a 1742. Ya rasu a 1759, aka binne shi a cikin majami'ar Westminster, tare da sarakunan da ya yi wa kiɗa.

ABIN DA YA SAURA

Idan aka waiwayi gidajen da suka ɗauki nauyin wannan kiɗa, za a ga kusan duk sun shuɗe. Sojoji sun washe Mantua a 1630, gidan Gonzaga kuma ya rasa birnin a farkon ƙarni na 18. Mulkin gidan Medici ya ƙare a 1737. Juyin juya halin Faransa ya kai ga fille kan Louis na Goma Sha Shida a 1793, naɗin ƙarshe da aka yi a Reims kuwa shi ne na Charles na Goma a 1825. Prague ta ga naɗinta na ƙarshe a 1836, daular Habsburg ta watse a 1918. A yau Ingila ce kaɗai a Turai take ɗora wa sarkinta kambi a cikin irin wannan hidima.

Abubuwa uku ne suka raya kiɗan bayan masu shi. Na farko rubutu: Euridice da Orfeo sun tsira don an buga su, Dafne da L'Arianna sun salwanta don ba a yi haka ba. Na biyu makaranta, wato ƙungiyoyin da ke horar da yara su karanta abin da aka rubuta su miƙa wa na baya. Shekara goma sha ɗaya kawai Ingila ta yi ba sarki, amma sai da aka koma tushe wajen horar da mawaƙa. Na uku jama'a, waɗanda tun daga Venice a 1637 suka karɓi nauyin da a dā yake kan baitulmalin sarki. A kan waɗannan kuma sai a ƙara aikin masu adana takardu. Rubuce-rubucen hannun Handel sun shiga taskar gidan sarautar Ingila a zamanin George na Uku, a 1957 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta miƙa taskar ga al'umma, yanzu kuma tana babban ɗakin karatu na ƙasar a Landan, inda masu bincike ke duba ta.

Ba shakka an kashe dukiya marar iyaka a bukukuwan nan, sau da yawa daga gumin talakawan da ba a gayyata ba. Kayan ado sun tsufa, filin wasan Prague babu shi, abincin an cinye tun a ranar. Kaso mafi ƙanƙanta na kuɗin, wanda aka kashe a kan takarda da tawada da horar da yara, shi ne ya yi saura. Duk hukumar da ke shirya babban biki, da duk jami'in da aka ɗora wa aikin rubuta abin da ya gudana a cikinsa, suna da abin lura a nan: taro na watsewa kafin magariba, abin da aka rubuta aka adana kuwa shi ne rabon waɗanda ba a haifa ba tukuna.